Jinin da ido ba ya iya aunawa: fashin baƙi kan aikin Farfesa Hadiza Galadanci

Ɗauki ledar fiya wata guda ka riƙe a hannu. Rabin lita ke nan, mililita 500. A ma'aunin likitocin haihuwa, idan jinin da ya zuba daga jikin mace bayan ta sauka ya kai cikin wannan leda, an bar jinin biƙi na al'ada, an shiga zubar jini. Idan ya kai leda biyu, maganar rai ake yi. Sai dai jinin haihuwa ba ya taruwa wuri ɗaya ya jira a auna shi. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya gauraya da ruwan faya ya gangara ƙarƙashin gado. Ungozoma ta duba ta ce bai yi yawa ba, kuma ba ƙarya ta yi ba, abin da idonta ya nuna mata ke nan. An sha gwada ma'aikatan lafiya a ƙasashe daban-daban, a nuna musu jinin da aka riga aka auna a ce su ƙiyasta, kuma sakamakon ba ya canjawa: ido yana rage lissafi, kuma yadda jinin ya ƙara yawa haka kuskuren ke ƙara girma.

Ga kuma abin da ya sa ba a da lokacin gyara kuskuren. Idan ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa ya kan haura rabin lita a kowane minti. Da mabiyiya ta rabu, hanyoyin jinin da ke ciyar da ita a buɗe suke, kuma abin da ke toshe su shi ne naman mahaifar ya murɗe ya yi tauri. In ta ƙi murɗewa, tamkar an bar famfo ne a sake. Mace mai ƙoshin lafiya tana iya cikawa cikin awa biyu, ana tsaka da yi wa maigida barka a waje.

A kan wannan ɗan taƙin lokaci Farfesa Hadiza Shehu Galadanci ta gina mafi yawan aikinta. Likitar mata da haihuwa ce a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, farfesa a Jami'ar Bayero, kuma ita ta jagoranci cibiyar ACEPHAP ta jami'ar, mai nazarin lafiyar al'umma da tsare-tsarenta, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi karatun likita. A 2024 mujallar TIME ta sa ta cikin mutum 100 da suka fi tasiri a harkar lafiya a duniya. Jaridu sun yi ta yayata wannan, kuma ta cancanta. Amma lambar yabo ba ta faɗa maka me mutum ya yi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda aikin nata ya dosa: daga babban asibiti zuwa ƙarami, daga hannun ƙwararre zuwa hannun ma'aikaciyar da ke kwana ita kaɗai a ɗakin haihuwa.

Kafin nan sai mu san me ake nufi da ciki mai haɗari. A littafin likitoci, ciki ne da uwar ko ɗan ke da wani abu da ya ɗaga yiwuwar matsala: hawan jini, ciwon suga, sikila, ciwon zuciya, tagwaye, tsohon ɗinkin tiyata a mahaifa, mabiyiya da ta zauna a ƙofar mahaifa, yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ko macen da ta haihu biyar zuwa sama har mahaifar ta gaji. A Ingila ko Amurka, irin waɗannan mata 'yan tsiraru ne, akan ware su a miƙa wa likitan da ya ƙware a kula da uwa da ɗan tayi, ya bi su da hoto da gwaji har su sauka. To, kawo wannan jeri ka shimfiɗa a layin awon ciki na kowane babban asibiti a Kano ko Katsina ranar Litinin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan mata masu ciki 6 cikin 10 a Najeriya suna da ƙarancin jini. A Arewa maso Yamma kuwa, binciken ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya haura 6. Ka ga ke nan abin da ake kira na musamman a can, a nan shi ne rabin layi. Kuma macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, ledar fiya wata ɗaya da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka, ita tana iya kai ta ƙasa.

Akwai wani abu kuma da jerin littafin bai ƙunsa ba, wanda aka gano a Zariya tun kafin yawancin likitocin yau su shiga firamare. Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Mata sama da 200 suka rasu, kuma kusan dukkansu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Matar da ta yi awo, ko da tana da larura, ta fi tsira nesa ba kusa ba a kan wadda ba ta da wata cuta amma aka kawo ta bayan kwana biyu tana naƙuda. Harrison ya kuma ga cewa matan da suka yi makaranta, ko da kaɗan ne, ba su cika faɗawa cikin matattun ba. Wato babban haɗarin ba a jikin matar yake ba, yana cikin nisan ƙauyenta, da aljihun mijinta, da wanda ke da ikon cewa a tafi. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka tsara abin a matsayin jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duk Bahaushen da ya taɓa neman mota da ƙarfe biyun dare a lokacin damina ya san na biyun ba sai an karanta masa ba.

Shekara kusan hamsin bayan Zariya, ga inda muke. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce mata kimanin 260,000 suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Fiye da ɗaya cikin huɗu ke nan, daga ƙasa guda. Mace 993 a cikin kowace haihuwa 100,000, alhali burin da duniya ta sa wa kanta zuwa 2030 shi ne ƙasa da 70.

Likitan mata a Najeriya ya kan shafe shekara shida a jami'a, shekara guda yana sanin makamar aiki, shekara guda ta bautar ƙasa, sannan wasu biyar ko shida ko fiye yana neman ƙwarewa da jarrabawa a kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Wanda ya fito daga wannan niƙa, hanyoyi biyu masu sauƙi ne a gabansa: ya buɗe asibitin kuɗi a unguwar masu hali, ko ya ɗauki jaka ya nufi Saudiyya ko Ingila. Ban zargi wanda ya bi ɗaya daga cikinsu ba, kowa da nauyin da ke kansa. Amma lissafin a bayyane yake. Ko da ƙwararre ya kwana a ɗakin tiyata kullum, matan da hannunsa zai taɓa a duk rayuwarsa ba su kai waɗanda ke haihuwa a jihar Kano cikin 'yan watanni ba. Likitan da yake son adadin mace-mace ya motsa, dole ya nemo abin da zai yi aiki a ranar da ba ya nan.

In ka bi binciken da sunan Farfesa Hadiza ya fito a ciki, wannan zaren za ka gani. Tana cikin waɗanda suka gwada wata riga mai matse ƙafafu da mara a asibitocin Najeriya, wadda ake ɗaura wa macen da jini ya zube mata har ta fara sanƙarewa, domin sauran jinin ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa kafin a samu ƙarin jini ko a isa ɗakin tiyata. Riga ce ta sayen lokaci, ba magani ba. Tana kuma cikin aikin da ƙungiyar Rotary ta tallafa a asibitoci goma na jihohin Kano da Kaduna, inda aka sa ma'aikata rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa, su zauna lokaci-lokaci su duba alƙalumansu tare da na maƙwabtansu. Daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2009, mace-macen masu haihuwa a waɗannan asibitoci ya sauko daga 1,790 zuwa 940 a cikin 100,000. Babu sabon magani a ciki. An dai daina rufe fayil da "kwana ya ƙare" kawai, aka fara tambayar ƙarfe nawa ta iso, ƙarfe nawa aka duba ta, wa ke riƙe da makullin ɗakin magani.

A daidai wannan lokaci wani abokin aikinta a Kano, Farfesa Jamilu Tukur, da ƙungiyar Population Council suka shigar da allurar magniziyam salfet asibitoci goma na jihar domin masu jijjiga, wato taune-taunen da hawan jinin ciki ke haddasawa. Duniya ta tabbatar da amfanin allurar tun 1995, amma asibitocinmu suna nan suna ba da maganin barci. Bayan an koyar da ma'aikata aka kuma kawo allurar a 2008, mutuwa a tsakanin masu wannan ciwo ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2.3. Shekara goma sha uku maganin yana nan, mai arha, bai iso ba. Wannan ma jinkiri ne, na huɗu in ka so, kuma ba na ƙauye ba ne.

Babban aikin da ya fito da sunanta duniya shi ne gwajin da ake kira E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta, ita kuma ta riƙe ɓangaren Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 na matsakaicin mataki a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, a kan mata sama da 210,000 da suka haihu da kansu, kuma Najeriya ce ta fi yawan asibitoci a ciki. An wallafa sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2023.

Abu biyu aka canja. Na farko, da zarar jariri ya faɗo, sai a shimfiɗa wa uwar wata leda a ƙarƙashinta mai aljihu kamar mazurari, an zana mata layukan awo. Jinin ya taru a aljihun, ma'aikaciya ta riƙa dubawa a kai a kai cikin awa ta farko, tana haɗawa da bugun zuciya da awon jini. In ya kai mililita 500, ko ya kai 300 alhali jikin matar ya fara nuna alama, ba sauran muhawara. Na biyu, kuma a ganina shi ne zuciyar abin, an daina bin magunguna ɗaya bayan ɗaya. A da, sai a murza mahaifa a jira. In bai tsaya ba a yi allurar oksitosin mai murɗe mahaifa a jira. In bai tsaya ba a aika a kira likita, shi kuma yana ɗakin tiyata da wata. Kowace jira minti goma ce ko ashirin, famfo kuma yana zuba. A sabon tsarin, murza mahaifa, allurar da ke murɗe ta, allurar taraneksamik mai hana gudan jini narkewa, ƙarin ruwa, da duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, duk a tare ake yinsu cikin minti goma sha biyar, daga akwati ɗaya da aka riga aka shirya a ɗakin. Kuma ungozomar asibiti aka ba ikon farawa, ba sai ta jira sa hannun likita ba.

Ita allurar taraneksamik tana da nata tarihin: wani gwaji na mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, ya nuna a 2017 cewa in aka yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, in an wuce nan kuma amfaninta ya tafi. Amma a asibitoci da yawa an mayar da ita makamin ƙarshe, sai an ga mace ta fara lumshe ido.

Sakamakon E-MOTIVE: a asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, an gano kashi 51 cikin ɗari na masu zubar jini, wato kusan rabi sun wuce ba a lura ba. A masu sabon tsari an gano kashi 93. Matan da suka zubar da lita ɗaya ko fiye, ko aka kai ga buɗe musu ciki, ko suka mutu saboda jini, sun kasance kashi 4.3 a rukunin farko, kashi 1.6 a na biyu. Ragin kashi 60 cikin ɗari, ba tare da wani sabon magani ba. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da auna jini da haɗa magungunan shawararta a hukumance.

Nan ne kuma ya kamata mai karatu ya rage tafi ya yi tambaya. A asibiti aka yi gwajin. Binciken 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16 ne. Sauran a ɗaki suke, a durƙushe, wata da ungozomar gargajiya, wata da uwar miji, wata ita kaɗai ta rufe ƙofa saboda kunyar ɗan fari ko don a ce jaruma ce. Ledar awo ba ta san da su ba. Ba wai ba a yi tunanin su ba: Najeriya ce ƙasa ta farko da ta yi wa ƙwayar misofrostol rajista domin zubar jinin haihuwa, a 2006, kuma ƙwaya ce da ba ta buƙatar firji ko allura. A wasu ƙauyukan Zariya, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello sun raba ta ga masu haihuwa a gida, suka kuma koya wa mata auna jini da moɗa, wadda ke cin kusan rabin lita: in ya cika moɗa, a nemi mota. Wannan dabara ta burge ni fiye da na'urori da yawa, domin ba a kawo wa matan ma'aunin da ba su sani ba. A Nijar kuwa gwamnati ta ɗauki matakai uku a faɗin ƙasa, misofrostol, da wani balan-balan da ake hurawa a cikin mahaifa ya danne jini, da waccan riga mai matsewa, kuma rahoton da aka wallafa a farkon 2023 ya nuna mutuwa ta zubar jini a cibiyoyin lafiyarta ta ragu da fiye da rabi. Matan Maraɗi da Damagaram ba su fi na Katsina da Daura kuɗi ba.

Ko a cikin asibitin ma akwai rami. Oksitosin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa muna da watan Afrilu da wutar da ba ta zama. Wani bincike da aka yi da haɗin gwiwar hukumar NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu na samfurin oksitosin da aka tattaro daga sassan ƙasar ba su kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. Shi ya sa za ka ga ma'aikaciya tana fasa kwalba biyu ko uku inda littafi ya ce ɗaya. Ba jahilci ba ne, ta koya daga abin da ta gani. Sai maganar jini: mace tana kwance, an ce maigida ya kawo masu ba da jini, shi kuma yana waya yana roƙon 'yan uwa, wasu suna tsoron a ɗebi nasu su rame.

Wannan shi ne abin da masana ke nufi idan suna maganar adalci a lafiyar mata, kalmar da ta kan yi kama da ta taron otal har sai ka sa mata fuska. Mata biyu, ciwo ɗaya, mabiyiya ta tare hanya. Ɗaya matar ma'aikaci ce a unguwar Nasarawa ta Kano, an gani a hoto tun wata bakwai, an sa ranar tiyata, an tanadi jini leda biyu. Ɗaya tana wani ƙauye a bayan Rano, jini ya ɓalle mata da dare, maigida ya tafi ci-rani, kuma babu wanda zai ɗauki nauyin cewa a fita da matar wani. A binciken 2018, haihuwa kusan 3 cikin 100 aka yi ta tiyata a faɗin Najeriya, a Arewa maso Yamma ba ta kai 1 ba, alhali masana sun nuna cewa har zuwa wajen 10 cikin 100 ƙaruwar tiyata tana tafiya da raguwar mutuwa. Ratar da ke tsakani ita ce matan da Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinkewa a Babbar Ruga ta Katsina saboda yoyon fitsari, da waɗanda ba su kai ga yoyon ba ma. Kuma kada a ɗauka talaucin ƙasa ne kaɗai. A Amurka, a 2021, baƙar mace ta fi farar mace shiga haɗarin mutuwar haihuwa ninki biyu da rabi da ɗoriya, a ƙasar da ba a rasa jini ko wuta. Can ma tambayar ita ce kukan wa ake saurara da wuri.

Mu ma muna da saurin ɗora wa al'ada komai, kuma wani lokaci a kan kuskure. Shekara da shekaru ana cewa wankan jego da kunun kanwa ne ke kawo ciwon zuciyar da ke kama matanmu bayan haihuwa, wanda Arewacin Najeriya ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Da Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka tattara bayanan masu ciwon daga asibitocin ƙasar, abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin abin yi da tarihin hawan jinin ciki, ba tukunyar wanka ba. Ya fi sauƙi a yi wa tsohuwa faɗa a kan ruwan zafi da a tambayi me mai jegon take ci.

Gwamnatoci sun yi alkawura. Kano ta ayyana haihuwa kyauta tun 2001. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin MAMII, wanda ya nufi ƙananan hukumomi 172 da aka ce su ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen, tare da alkawarin tiyatar haihuwa kyauta ga marasa hali. Tunanin daidai ne, a kai kayan inda gawar take. Amma duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda asibitin gwamnati ya san takardar nan da ake miƙo wa maigida ta taga: safar hannu, audugar mata, allura, ruwan ƙari, wani lokaci har man janareta. A lokacin gwajin E-MOTIVE, masu bincike ne suka kawo ledar awo, suna zuwa suna duba akwatin magani, suna maimaita wa ma'aikata atisaye. Ledar sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, don haka kowace haihuwa tana buƙatar sabuwa, a Bichi da Gwarzo da Birnin Kudu, wannan shekara da mai zuwa. Ko dai ta samu layi a kasafin ma'aikatar lafiya ta jiha, ko kuma ta koma cikin waccan takarda, maigida ya fita da ƙarfe ɗayan dare yana neman kyamis ɗin da bai rufe ba.